BABI NA UKU: TASWIRAR ILMI DA ISAR DA SANIN GWANI GA MAI RUBUTA MANHAJA

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi tsokaci ne a kan wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu aikin kwamfuta tuwo a ƙwarya, wato yadda za a ɗauko ilmin da ke cikin kan gwani na wani fage, kamar likita ko alƙali ko akanta, a miƙa shi ga wanda zai rubuta manhaja ba tare da ya zube a hanya ba. Mai rubuta manhaja ya san harshen na'ura, amma bai karanci likitanci ba. Shi kuwa likita ya san cuta da maganinta, amma ba lallai ne ya san yadda ake umurtar na'ura ba. Ita kuma kwamfuta abin da aka rubuta mata kaɗai take bi, ba ruwanta da abin da aka yi nufi. Saboda haka duk wata gurguwar fahimta da ta shiga tsakanin mutanen nan biyu za ta zauna daram a cikin manhajar, ta yi ta maimaita kuskuren a kan duk wanda ya yi amfani da ita.

Abin da ake nufi da taswirar ilmi a wannan nazari shi ne tsararren bayani, ko da zane, ko da jadawali, ko da rubutu mai ƙa'ida, wanda yake nuna abubuwan da ke cikin wani fage, da sunayensu, da dangantakar da ke tsakaninsu, da kuma ƙa'idojin da gwani yake bi wajen yanke hukunci a kansu. An zaɓi kalmar taswira ne domin kuwa taswirar gari ba ta nuna kowace bishiya da kowane rami, abin da matafiyi yake bukata kawai take nunawa. Sharaɗinta babba shi ne mutum biyun nan su iya karanta ta: gwani ya duba ya ce e, haka abin yake, ko a'a, an yi kure a nan, mai rubuta manhaja kuma ya duba ya ga abin da zai gina.

3.1 Asalin Matsalar

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a zaunar da gwanin kawai a ce ya faɗi abin da ya sani a rubuta ba? Polanyi (1966) ya riga ya nuna cewa sanin ɗan Adam ya fi ƙarfin abin da bakinsa zai iya furtawa. Gwanin da ya shekara ashirin yana aiki ɗaya ya riga ya haɗiye ƙa'idojin aikin, har ya manta cewa ƙa'idoji ne. Idan aka tambaye shi sai ya kawo abin da ke cikin littafi, amma in aka sa masa aikin a gaba sai a ga ya bi wata hanya daban, wadda shi kansa bai lura yana bin ta ba.

Waɗanda suka fara cin karo da wannan al'amari gadan-gadan su ne masu gina manhajoji masu kwaikwayon gwani a Amurka. A shekarar 1965 aka fara aikin DENDRAL a Jami'ar Stanford, inda Edward Feigenbaum da Joshua Lederberg, da daga baya masanin kimiyyar sinadarai Carl Djerassi, suka yi ƙoƙarin koya wa kwamfuta gano fasalin ƙwayar sinadari daga sakamakon awo. Darasin da suka samu shi ne ƙarfin irin wannan manhaja yana cikin yawan ilmin fagen da aka zuba mata da ingancinsa. Feigenbaum (1977) ya kira aikin tattaro wannan ilmi da sunan injiniyancin ilmi, kuma shi ne ya ja hankalin masana ga cewa a wajen tatso ilmin daga gwani ne aikin yake sarƙewa, kamar yadda ruwa yake cushewa a wuyan kwalba.

Misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na MYCIN, wadda Edward Shortliffe ya gina a Stanford ɗin a farkon shekarun 1970. Aikinta shi ne ba likita shawara a kan cututtukan da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa a jini, da kuma sanƙarau, ta faɗi irin ƙwayar da take zato da maganin da ya dace. An zuba mata ƙa'idoji kusan 600, kowace a bisa tsarin "idan kaza da kaza suka tabbata, to kaza", tare da wani adadi tsakanin -1 da +1 mai nuna ƙarfin tabbacin hukuncin. A gwajin da aka buga sakamakonsa a 1979, an ba ƙwararru takwas daga wajen jami'ar shawarwarin magani a kan masu sanƙarau goma, ba tare da sun san wace ce ta na'ura wace ce ta mutum ba. Sun amince da kashi 65 cikin ɗari na shawarwarin MYCIN, alhali na malaman likitancin jami'ar sun tsaya tsakanin kashi 42.5 da 62.5. Duk da haka ba a taɓa sa ta aiki a kan marasa lafiya a asibiti ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari ya biyo baya ne. William Clancey ya so ya yi amfani da ƙa'idojin nan wajen koyar da ɗaliban likitanci, sai ya tarar ba su koyuwa. Akwai ƙa'idar da ta hana ba yaron da bai kai shekara 8 ba maganin tetracycline, amma ba ta faɗi dalili ba, wato cewa maganin yana ɓata launin haƙoran da ke cikin tsirowa. Akwai kuma wata ƙa'ida ta sanƙarau da ta ƙunshi sharaɗin cewa majinyaci ya haura shekara 17, sa'an nan sharaɗin cewa mashayin giya ne. Wanda ya karanta zai ɗauka shekarun suna da alaƙa da cutar, alhali an sa su ne kawai don kada na'urar ta tambayi likita ko jariri yana shan giya. Ke nan an cakuɗa ilmin cuta da dabarar yin tambaya a jimla guda, kuma da zarar wanda ya rubuta ƙa'idar ya bar wurin, babu mai iya rarrabe su. Wannan ne ya sa Clancey ya sake fasalin manhajar ya kira ta NEOMYCIN, inda ya ware sanin cututtuka gefe guda, hanyar bincike kuma gefe guda.

Kamfanin kwamfuta na DEC ma ya ɗanɗana irin wannan da XCON, wadda John McDermott na Jami'ar Carnegie Mellon ya fara a 1978 don tsara kayayyakin da za a harhaɗa wa mai sayen kwamfutar VAX. Ta fara aiki a 1980, ta yi amfani ƙwarai, amma da ƙa'idojinta suka kai dubbai sai gyara ta ya zama jan aiki, domin in aka taɓa ɗaya sai wata can nesa ta karkace.

3.2 Daga Kwasar Ilmi Zuwa Zana Shi

A wancan lokaci an ɗauka ilmi kamar hatsi ne a rumbu, a kwaso daga kan gwani a zuba a na'ura. Newell (1982) ya kawo ra'ayin cewa ana iya bayyana abin da mai hankali ya sani, da abin da yake son cimmawa, a wani mataki na daban wanda bai dogara da harshen kwamfutar da za a yi amfani da shi ba. A kan wannan tushe ne masana a Jami'ar Amsadam ta ƙasar Holan, irin su Bob Wielinga da Joost Breuker da Guus Schreiber, suka gina tsarin KADS a cikin shekarun 1980 da tallafin shirin ESPRIT na Turai, wanda daga baya ya zama CommonKADS, aka kuma buga cikakken littafinsa a shekarar 2000. A ganinsu, ilmin da za a ba na'ura gina shi ake yi tare, gwani da injiniya suna zaune, ana zanawa ana gogewa.

Taswirar ilmi a CommonKADS hawa uku gare ta. Na ƙasa shi ne ilmin fage, wato abubuwa da dangantakarsu, kamar a ce zazzaɓi alama ce, sanƙarau cuta ce, cuta kuma tana haifar da alama. Na tsakiya shi ne matakan tunani, kamar kawo zato, da zaɓen abin da za a auna, da kwatanta sakamako da zaton. Na sama shi ne aikin kansa, wato manufar da ake so a kai gare ta da jerin yadda matakan za su biyo juna. Hikimar wannan rabo ita ce makanike mai neman abin da ya hana mota tashi da likita mai neman abin da ke damun majinyaci hawansu na tsakiya kusan iri ɗaya ne, na ƙasa ne ya bambanta. Don haka injiniya yakan zo wurin gwani da ƙwarangwal ɗin tunanin a hannu, ya san irin tambayar da zai yi.

A ɓangaren masu rubuta manhajar kasuwanci kuwa, Chen (1976) ya fito da zanen abubuwa da dangantakarsu don tsara rumbun bayanai, sa'an nan a 1997 ƙungiyar OMG ta amince da UML a matsayin daidaitacciyar hanyar zane. Gruber (1993) ya yaɗa kalmar ontoloji da ma'anar fayyace ma'anonin wani fage a rubuce, kuma a 2004 aka tabbatar da harshen OWL don rubuta irin wannan. A fagen lafiya akwai SNOMED CT, wadda ta fito a 2002, mai ɗauke da ma'anoni sama da 300,000. Evans (2003) ya ƙara wani sharaɗi wanda a ganin mai wannan nazari ya fi duk zane-zanen nan tasiri, wato gwani da masu rubutu su yarda da kalmomi guda, su yi magana da su a taro, kuma su ne za su fito a cikin rubutun manhajar kanta. Idan alƙali yana cewa "magaji" ita kuma manhaja tana cewa "mutum na biyu", to kowace rana sai an yi tafinta, kuma a wurin tafinta ake yin ɓatan kai.

3.3 Misali Daga Ilmin Rabon Gado

Domin a ga yadda abin yake a aikace, bari mu ɗauki fagen da mai karatu ya saba da shi, wato rabon gado a fiƙihun Musulunci, wanda kotunan shari'a na Arewacin Nijeriya suke yi a bisa mazhabar Malikiyya. Fage ne mai lissafi, shi ya sa yake jan hankalin masu rubuta manhaja, kuma shi ya sa yake yaudarar su.

A ce matashi mai rubuta manhaja ya je wurin malami. Malam zai ba shi kasonnin nan shida da aka ƙayyade: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Zai gaya masa miji yana da rabi in babu ɗa, rubu'i in akwai; mata tana da rubu'i in babu ɗa, sumuni in akwai. Duk wannan gaskiya ne, kuma matashin zai koma gida yana ganin aikin kwana biyu ne.

Turɓa ta farko da zai yi tuntuɓe a kanta ita ce ta kalmomi. A Hausar yau da kullum "ɗan'uwa" ya haɗa wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, da wanda kuke uba ɗaya, da wanda kuke uwa ɗaya, har da ɗan baffa da ɗan gwaggo. A wajen rabon gado kuwa shaƙiƙi daban, li'abi daban, li'ummi daban, kowa da hukuncinsa. Haka nan wasu sukan kira ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa duka da "kawu", alhali na farko yana iya cin gado a matsayin asaba, na biyu kuwa ba ya cikin wannan sahu. Idan fom ɗin manhajar ya ce "adadin 'yan'uwa" kawai, to an gama ɓata lissafin tun kafin a fara shi. Hawa na ƙasa na taswira shi ne zai tilasta a zana bishiyar dangi, a ba kowane reshe sunansa guda, malam ya sa hannu.

Ta biyu ta fi ɓuya, kuma ta shafi shamaki, wato yadda wani magaji yake tare wani. Malam zai ce uba yana shamakance 'yan'uwan mamaci, ba su samun kome. Abin da hankalin mai rubuta manhaja zai ba shi shi ne ya fara share duk wanda aka shamakance daga jerin, sa'an nan ya yi rabo tsakanin waɗanda suka rage. To a ce mutum ya rasu ya bar uba da uwa da shaƙiƙai biyu, da dukiya ta naira 1,200,000 bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya. Manhajar za ta share shaƙiƙan, ta ga babu ɗa babu 'yan'uwa, ta ba uwa sulusi, wato 400,000, uba ya ɗauki 800,000. Amma hukuncin da jumhurun malamai suke a kai shi ne 'yan'uwa biyu ko fiye suna rage uwa daga sulusi zuwa sudusi ko da su kansu ba za su ci gadon ba. Ke nan uwa 200,000 take da shi, uba 1,000,000. An ɗauki naira 200,000 daga hannun mai haƙƙi an ba wani, kuma lissafin ya cika cif, babu abin da zai sa wani ya yi zargi. Malam bai ɓoye wannan ƙa'ida ba. Bai dai taɓa tunanin wani zai share mutum daga takarda don an tare shi ba, domin shi a kansa shamaki iri biyu ne tun fil azal, na hanawa gaba ɗaya da na ragewa, kuma wanda aka hana yana nan a zaune cikin dangi. Da an zana taswira mai nuna "yana raye" da "yana cin gado" a matsayin siffofi biyu daban, aka kuma ja kibiya daga kowace ƙa'ida zuwa siffar da take dubawa, da malam ya hango kuren da idonsa.

Sai kuma matsalar auli. Mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu, da naira 700,000. Miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. In aka tara, kaso 3 cikin 6 da kaso 4 cikin 6 sun zama 7 cikin 6, wato sun fi dukiyar. Manhajar da ba a gaya wa kome ba za ta ba miji 350,000, ta ba su kusan 466,667, jimla ta haura abin da ke ƙasa. Maganin da aka bi tun zamanin Halifa Umar shi ne a ɗaga asalin lissafin daga 6 zuwa 7, kowa ya ragu daidai gwargwado, miji ya sami 300,000, su kuma 400,000. Wannan kuskure da sauƙi, domin yana tona kansa. Akasinsa, wato in rabo ya ƙare dukiya ta yi saura kuma babu asaba, shi ne ke kawo saɓanin mazhabobi: Hanafiyya da Hambaliyya suna mayar da sauran ga masu kaso, ban da miji da mata, asalin Malikiyya kuwa baitulmali ake kai wa, ko da yake malaman mazhabar na baya sun yarda da mayarwar idan babu tsararren baitulmali. A nan dole taswira ta faɗa a fili wane ra'ayi aka ɗauka, kuma wa ya ɗauka. In ba haka ba mai rubuta manhaja ne zai yi fatawar da kansa, da tsakar dare, ba tare da ya san ya yi ba.

Ga irin wannan fage, jadawalin hukunci ya fi zanen akwati da kibiya amfani. Ana jera sharuɗɗa a ginshiƙai, kowane layi ya zama hali guda da hukuncinsa, kuma tun 2015 akwai daidaitaccen tsari na OMG mai suna DMN don rubuta shi. Fa'idarsa ita ce yana nuna gurbin da ba a cike ba. Idan aka jera halayen uwa, za a iso layin da ya ƙunshi miji da uwa da uba kaɗai, malam ya ce a'a, a nan sulusin abin da ya rage take samu bayan an fitar da rabon miji, wato mas'alar da ake kira Garrawaini. Sai jadawalin ya haifi tambaya ta gaba da kansa: in kaka ne a madadin uba fa? Amsar ita ce uwa ta koma sulusinta cikakke.

3.4 Iyakar Taswira

Ba a ce da zarar an yi taswira an tsira ba. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da zai shiga kewayen duniyar Mars. Bincike ya nuna wata manhaja ta kamfanin Lockheed Martin tana fitar da adadin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam na Ingilishi, masu lissafin hanya kuma suna karɓar sa a matsayin ma'aunin niyuton, wanda bambancinsu ya kai ninki 4.45. An so kumbon ya wuce a nisan kilomita 226 daga doron Mars, sai ya gangaro zuwa kusan kilomita 57. Abin lura shi ne takardar yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu ta faɗi ma'aunin da za a bi, ba a dai gwada manhajar da ita ba.

Har ila yau, taswira takan yi girma har gwanin ya kasa karanta ta. Zanen UML mai akwati ɗari biyu, ko ontoloji da aka rubuta da alamomin mantiƙi, injiniya ne kaɗai zai gane shi. Shi kuwa gwani, don kunya ko don gajiya, sai ya gyaɗa kai ya ce ya yi. Daga nan taswirar ta koma zancen injiniya da kansa. Akwai kuma tsufa, domin doka tana sauyawa, magani yana sauyawa, a gyara manhaja a manta da takardar, bayan shekara biyu su zama ba su san juna ba.

Tun daga 2021, da fitowar irin su GitHub Copilot, da ChatGPT a ƙarshen 2022, na'ura da kanta tana iya rubuta manhaja daga bayanin da aka yi mata da harshen mutane. Wannan ya rage wahalar rubutun, amma bayanin da aka ba ta shi ne dai taswirar, kuma in an ce mata "'yan'uwa" ba tare da bambancewa ba, za ta cike gurbin da abin da ta ga dama, cikin sauri da tsabtar rubutu.

Dabarar da masu aikin suka fi dogara da ita ita ce a haɗa taswira da mas'aloli warwararru. Gwani ya kawo halaye na gaske, talatin ko hamsin, kowane da amsar da ya yarda da ita, musamman waɗanda suke bakin iyaka irin na uba da uwa da shaƙiƙai biyu. Mai rubuta manhaja ya mayar da su gwaji wanda na'ura za ta riƙa yi da kanta duk lokacin da aka taɓa rubutun. Ranar da wani sabon ma'aikaci ya zo ya ga kamar share waɗanda aka shamakance zai rage tsawon aikin, gwajin zai fito da 400,000 a inda malam ya rubuta 200,000, a tsaya a duba kafin manhajar ta isa hannun magada.